Uba Direba da Jarkar Likita

Duk wanda ya yi zirga-zirga a bas tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya a farkon shekarun dubu biyu, da wuya a ce bai taɓa shiga motar Uba ba. Ko bai riƙe sunansa ba zai riƙe muryarsa, don tun daga tasha har inda za a sauka bakinsa ba ya hutawa. Mutum ne gajere, kakkaura, da 'yar furfura a gemu wadda yake cewa gadon gidansu ce, ba tsufa ba.

A unguwar Jushi aka haife shi. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, saboda haka Uba ya tashi cikin 'ya'yan Ibo da Yarbawa da mutanen Binin, ya ci a gidajensu, iyayensu sun zane shi kamar ɗan cikinsu. Yana iya gaisuwa da tsokana da duk harsunan nan, ko da yake masu harshen kan ce tsokanar ta fi gaisuwar fita daidai. Da ya gama firamare ya ƙi gaba, ya bi babbar mota yana karen mota zuwa Funtuwa da Gusau, har ya koyi tuƙi. Shekaru suka tura, ya yi aure, ya samu wata tsohuwar bas fara mai ratsin kore, ya zauna a layin Samaru. Ya ce ya gaji da kwanan hanya, yana so ya riƙa cin tuwon matarsa Bilkisu da zafinsa.

Kwandastansa ma abin kallo ne, don ya girme shi. Julius sunansa, dogo siriri, wanda ya yi shekaru yana aiki a wani kamfani kafin a rufe shi. Iyayensa daga Binin suka zo, amma shi a nan Zariya, a Unguwar Gabas, aka yanke masa cibi. Julius mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ran Juma'a shi ke tsaron mota har a sauko daga masallaci, ran Lahadi kuma Uba ke karɓar kuɗin mota da kansa har a tashi daga coci. Uba na ce masa Dattijo, shi kuma yana ce masa Direba.

Uba yana da wasu ɗabi'u da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Ba ya shan ruwa in yana aiki, don kada fitsari ya matsa masa ya rasa layinsa a tasha. Goro da shayin safe sun ishe shi. Da yamma in bayansa ya riƙe, sai ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki masu launi-launi, ya watsa a baki. In mai jiƙo ta biyo ta tasha ba ya barinta ta wuce. A gida kuwa, kafin ya ɗanɗana miya ya riga ya barbaɗa gishiri. Bilkisu ta yi magana har ta gaji, ta ce wannan ai raina mai girki ne.

Cikin damina ta shekarar dubu biyu da huɗu, wata rana aka wayi gari da tebur da kujeru a ƙarƙashin rumfar tashar Samaru. Wasu ma'aikata ne daga asibitin koyarwa, da izinin shugabannin direbobi. Wata matashiyar likita ce ke jagorantarsu, Chinelo, haifaffiyar Samaru, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta yi bayani cewa suna bincike ne kan ciwon ƙoda: suna so su gano mutanen da ciwon ya fara taɓawa tun ba su sani ba, su bi lafiyarsu na wasu shekaru, su ga ko magani da gyaran abinci za su rage masa gudu. Za a auna jini, a duba fitsari, wanda ya yarda kawai.

Direbobi suka yi cirko-cirko daga nesa. Wani ya ce jinin sayarwa za a yi. Wani ya ce ya ji labarin irin waɗannan gwaje-gwaje, ƙarshensu ba ya kyau. Wani kuma ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya je neman ciwo zai same shi.

Motar Uba ce ta ƙarshe a layi a ranar, ga shi ba ya iya ganin taro bai sa baki ba. Ya matsa ya ƙare wa likitar kallo, sai ya gane ta. Lokacin tana ɗaliba ta sha shiga motarsa, kuma akwai ranar da barci ya kwashe ta a kan littafi, ta wuce inda za ta sauka, sai da suka kai Kwangila ta farka. Ya tuna mata, ta rufe fuska tana dariya. Uba ya juya ya gaya wa 'yan'uwansa cewa wadda ta yi barci a motarsa ta tashi da jakarta lafiya ba za ta saka masa da sayar da jininsa ba. Ya naɗe hannun riga ya zauna. Da aka ga ya tashi da ƙafafunsa, sai wasu suka biyo baya. Julius dai ya ce shi a kai kasuwa.

Wasa-wasa sai ga magana ta zama babba. Jinin Uba ya hau sosai, kuma ɗan tsinken da aka tsoma a fitsarinsa ya canza launi. Likita Chinelo ta ja shi gefe, inda babu mai ji. Ta tambaye shi ko fitsarinsa na kumfa, ya ce ya daɗe yana yi, shi ya ɗauka alamar ƙarfi ce. Ta tambaye shi ko takalmi na matse shi da yamma, ya ce ƙwarai. Ta ce ƙoda kamar rariya ce, tana tace jini ta zubar da datti ta riƙe mai amfani. Tasa ta fara yoyo, mai amfanin na bin fitsari. Hawan jini ne ke cinta a hankali, ƙwayoyin kemis kuma na taya shi.

A karo na farko a tarihin layin Samaru, Uba ya kai Sabon Gari bai ce uffan ba. Wani ɗalibi har ya tambayi Julius ko an yi wa direba rasuwa.

Bayan kwana biyu suka je asibiti shi da Bilkisu. An sake gwaje-gwaje, an ɗibi jini. Likita ta zaunar da su ta ce labarin ba mai daɗi ba ne, amma ba na kuka ba ne: an kama abin da wuri. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, sauran kuwa ana iya tattalinsa ya kai mutum tsufa. Ta karanta musu sharuɗɗan binciken da Hausa, dalla-dalla. Maganin da za a ba shi ba sabo ba ne, an daɗe ana amfani da shi; abin da suke son sani shi ne yadda zai yi wa mutanen nan in an haɗa da bibiya da rage gishiri. Zai riƙa zuwa lokaci-lokaci a auna shi. Duk ranar da ya ga dama ya fita, kuma fitarsa ba za ta hana a duba shi ba.

Uba ya kalli matarsa. Bilkisu ta ce, “Likita, ni tambaya ɗaya gare ni. Wannan maganar gishirin, a gabanki zai yi alkawari ko sai mun koma gida?”

A gabanta ya yi, ya sa hannu.

Cikin abubuwan da aka buƙata akwai wanda Uba bai taɓa jin irinsa ba. An ba shi wata farar jarka, aka ce ya tara duk fitsarin da zai yi daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, kada ɗigo ya zube, ya kawo a auna. Likita ta ba shi shawara ya zaɓi ranar hutu. Amma lokacin ana wahalar mai, motoci sun yi ƙaranci, fasinja kamar ƙudan zuma, shi kuma ya yi sa'ar cika tanki. Ya ce ba zai kwanta a gida don jarka ba. Ya naɗe ta da buhu, ya tura ƙarƙashin kujera, in bukata ta zo ya ɗauka ya zaga bayan tasha.

Komai na tafiya daidai har la'asar. A Kwangila suka tsaya ɗaukar wata mata mai kwandon tumatir, Julius ya jawo kayan ƙarƙashin kujera don ya sama wa kwandon wuri, buhu ya zame, jarka ta bayyana. Ga wani Alhaji a gefen titi cikin babbar riga, motarsa ta mutu don rashin mai, ya yi gumi sharkaf. Idonsa na sauka kan jarkar, ya ga ruwa ja-ja a ciki, sai ya taho da sauri. Ya ce direba ya taimake shi ko da rabi ne, zai saya yadda 'yan bumburutu ke sayarwa. Uba ya ce ba mai ba ne. Alhaji ya ce ai ya san launin mai. Uba ya rantse. Alhaji ya shiga wa'azi, cewa wannan rowar ce ta hana ƙasar nan ci gaba, Musulmi na ganin ɗan'uwansa a rana yana ɓoye abin taimako. Fasinjoji suka fara goya masa baya, wata ta ce haba direba, ka ji tsoron Allah.

Har Alhaji ya kai hannu ga murfin. Julius ya dafa hannunsa a hankali.

“Alhaji, na likita ne,” in ji shi. “Fitsarin direba ne. In ka zuba a mota ba ruwanmu.”

Alhaji ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Motar ta kaure da dariya, mai tumatir har da riƙe ciki. Uba ya ja mota kunnuwansa na zafi, amma kafin su kai Hanwa shi ma ya fashe, har sai da ya rage gudu.

Da dariya ta lafa, wata tsohuwa a kujerar baya ta tambaya, tsakani da Allah, me likita zai yi da wannan abu. Uba ya gyara zama ya ba da labari tun daga rumfar tasha har zancen rariya. Tsohuwar ta ce mijinta ma ƙafafunsa na kumbura, sun ɗauka sammu ne, sun sha rubutu sun gaji. Uba ya kwatanta mata inda za su je da ranar da ake ganin masu irin wannan. Tun daga ranar kunyar abin ta fita daga ransa. Wanda ya shiga motarsa zai ji farashin masara, zai ji wasan ƙwallon jiya, zai kuma ji cewa kumfar fitsari ba alamar ƙarfi ba ce. Ɗaliban jami'a suka laƙaba masa Farfesan Ƙoda, ya karɓa hannu bibbiyu.

A gida ne yaƙin ya fi zafi. Bilkisu ta kwashe gishiri da dunƙulen ɗanɗano ta kulle a kwalla. Ranar farko Uba ya kai loma ya ce wannan ba miya ba ce, ruwan wanke kuɓewa ne. Ta ce ya ci ko ya bari. Ya yi fushi ya fita ya sayi tsire, ya dawo yana warin yaji, ta harare shi ta kwashe kwanukanta, hararar ta fi masa duka ciwo. Amma ita ma ba ta so ta ga yana tsakurar abinci. Ta shiga gwaji da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai lawashi, ta tambayi maƙwabciyarta Bayarabiya yadda suke ƙona tattasai kafin a niƙa. A hankali harshensa ya saba. Wata rana suka je suna a Zabi, ya ɗanɗana miyar gidan ya raɗa mata cewa mutanen nan kashe kansu za su yi da gishiri. Bilkisu ta ce Allah mai iko.

Ya daina biyawa kemis. Ya sayi gora yana ajiyewa kusa da giyar mota, yana kurɓa a hanya, in ya rasa layi ya rasa. Da azumi ya matso ya je ya tambayi likita, don abin ya dame shi. Ta duba gwajinsa ta ce a matakin da yake zai iya, ta mayar masa da maganin lokacin sahur da buɗa-baki, ta ce ya zo tsakiyar wata a sake dubawa, in an ga canji kuma ya je ya ji ta bakin malamai kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya. Ya kai azuminsa lafiya.

Sai dai ɗan Adam ba a raba shi da gajen haƙuri. A shekara ta biyu Uba ya ji garau: takalmi ya daina matsewa, ciwon kai ya tafi. Wani surukinsa ya zo daga ƙauye da galan na jiƙo, ya ce wannan saiwar tana wanke ƙoda tas, maganin Bature kuwa bautar har abada ce. Maganar ta shige shi. Ya ajiye ƙwayoyinsa a ɓoye, ya kama jiƙo safe da yamma. Ba a yi nisa ba fuskarsa ta fara kumbura da safe, in ya hau matakalar masallaci sai haki.

Da ya je awo likita ta daɗe tana kallon sakamakon. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Malam Uba, jikinka naka ne, ba mai tilasta maka. Amma ka gaya mini abin da ya faru. In na rubuta cewa kana shan magani alhali ba ka sha, za a ce maganin ba ya aiki, a hana wani da zai amfana.”

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba, cewa abin da yake haɗiya a ɗakinsa ya shafi wani da bai sani ba. Ya faɗi gaskiya. Ta ce ya kawo sauran jiƙon su gani, ta rubuta komai yadda yake, ta mayar da shi kan magani. A hanyar fita ya wuce ta ƙofar ɗakin wankin ƙoda, ya hango mutane kwance, jininsu na zagayawa ta cikin inji. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago masa hannu: wani mai faci ne da ya sani a Palladan, ƙato a da, yanzu ya zama kamar kara. Uba ya shiga suka gaisa, ya daɗe a wurinsa. Daga baya duk ranar wankin mutumin, in hanya ta yi, Uba ke ɗauko shi a kujerar gaba, har Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen shekarar. Uba bai ƙara tsallake magani ba. Kumburin ya sauka, gwajin ya dawo kusa da inda yake, ko da yake bai koma daidai ba.

An kammala binciken a dubu biyu da takwas. Aka tara waɗanda suka shiga a wani ɗakin taro na asibitin: direbobi, 'yan kasuwa, malaman makaranta, matan aure. Likita Chinelo da manyanta suka yi bayani da Hausa da Turancin kasuwa. Ba su ce sun gano maganin warkewa ba. Sun ce da yawa daga waɗanda aka auna suna ɗauke da ciwon ba su sani ba, kuma waɗanda suka riƙe magani suka rage gishiri, ƙodarsu ta fi jurewa a kan waɗanda suka yi ta yankewa. Sun ce mutanen da aka bi ba su da yawa, sai an ƙara bincike a wasu garuruwa. Uba ya so a ce abin ya fi haka armashi, amma da aka ba shi dama ya yi magana a madadin direbobi, ya yi ta zuba, sai da aka karɓe na'urar maganar daga hannunsa.

A ranar ne kuma Julius, bayan shekara huɗu yana noƙewa, ya miƙa hannu aka auna shi. Jininsa daidai, fitsarinsa fes. Tun daga asibiti har Sabon Gari yake bayanin yadda ake kula da jiki, Uba na tuƙi yana cewa yau ya ga ta kansa.

Ba a daɗe ba Likita Chinelo ta aiko cewa za ta yi aure a garin iyayenta, can kusa da Enugu, ga abokan aikinta da wasu daga cikin mutanen binciken suna son zuwa, ana neman mota. Uba ya ce in aka ɗauki wata motar ba tasa ba, shi da ita har abada. Ya kai bas gareji aka yi mata garambawul, ya sa sababbin tayoyi, ya je aka duba shi aka ce zai iya tafiyar. Bilkisu ta ce ƙafarta ƙafarsa, don tun da aka kawo ta Zariya ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Ta soya kaji, ta ƙulla dambun nama, ta ɗinka sabon leshi.

Suka tashi da sassafe, nas-nas a baya suna waƙoƙin coci, wani malamin makaranta na jan carbi, Julius na gyangyaɗi a bakin ƙofa. Uba ya yi shekaru a kan titi, amma arewa ya sani, bai taɓa gangarawa kudu ba. Da rana ta take suka iso babbar gadar da ke kusa da Lakwaja. Ya rage gudu har motocin baya suka fara matsa masa oda. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, da 'yan kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa a kai.

Bilkisu ta riƙe murfin mota da hannu biyu, ta ce, “Malam, duk wannan ruwa ne?”

Ya ce ruwa ne, kuma ta saki ƙofar, gadar ba za ta karye don ita ba. Da suka haye ya faka a gefen hanya inda mata ke soya kifi, kowa ya sauko yana miƙa. Uba ya zaɓi mafi girma, ya sa aka naɗe wa amarya, sannan ya tambayi mai kifin, da guntun Ibon da ya koya a Jushi, wace hanya ce ta fi kyau zuwa Enugu. Matar ta ce ita Banufiya ce, ya yi mata Hausa kawai.